Atticus Finch jarumi ne, alhali bai ceci Tom Robinson ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, na gama karanta To Kill a Mockingbird na Harper Lee. Kowa yana cewa jigon littafin shi ne zaluncin wariyar launin fata da kuma jarumtar tsayawa kan gaskiya, ana ta yabon lauyan nan Atticus Finch. Ni kuwa da na rufe littafin baƙin ciki ne ya cika ni. Bai ci shari'ar ba, an kashe Tom, shi kuma ya koma gidansa lafiya lau. Ina jarumtar take? Ko ni ce ban fahimta ba?"

Wa alaikumus salam. 'Yata, kin fahimta, kuma baƙin cikin da ya kama ki daga littafin ya fito, ba daga gazawar karatunki ba. Idan na ji ki daidai, abubuwa biyu kike tambaya game da Atticus, lauya Bature, da Tom Robinson, baƙar fatar da ya kare a kan zargin yi wa Baturiya fyaɗe. Na farko, shin tsayuwar da ba ta kuɓutar da kowa ba ta cancanci a kira ta jarumta? Na biyu, me ya sa yabo ya tattaru kan wanda ya kwana a gidansa, aka bar wanda aka binne? Na daɗe ina karantar da wannan littafi, kuma amsar da na tsaya a kai ita ce: jarumtar Atticus ta gaskiya ce, sai dai a cikin duk waɗanda suka tsaya kan gaskiya a labarin, shi ne wanda tsayuwar ta fi yi wa araha. Bari in bi da ke sannu a hankali.

Ƙasar da labarin ya tsiro

An buga littafin a 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961, amma labarin yana gudana ne tsakanin 1933 da 1935, a wani ƙagaggen gari mai suna Maycomb a jihar Alabama, kudancin Amurka, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. An soke bauta tun 1865, amma jihohin kudu suka kafa dokokin da aka fi sani da Jim Crow, waɗanda suka raba baƙar fata da farar fata a makaranta, a jirgin ƙasa, a asibiti, har a maƙabarta. Kotun ƙolin Amurka ta sa wa wannan raba-raba albarka a 1896, ba ta juya baya ga raba makarantu ba sai 1954.

Akwai abu guda da masu karatu a wajenmu kan tsallake, domin kotunanmu ba sa aiki da shi, wato juri. Mutum goma sha biyu ne daga cikin jama'ar gari ake zaɓa su saurari shari'a, su ne ke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba, alƙali yana kula da tsari ne. A Alabama ta wancan zamani ana cire sunayen baƙar fata daga jerin waɗanda za a kira, mata kuwa doka ce ta hana su, har zuwa 1966. To ki duba, baƙar fata da ake tuhuma da taɓa Baturiya zai tsaya ne gaban Turawa maza goma sha biyu, maƙwabtan juna, waɗanda gobe za su haɗu a kasuwa da coci. Duk wanda ya ce ba shi da laifi a cikinsu, ya san da wane ido za a kalle shi washegari.

Harper Lee ba daga sama ta ɗauko wannan ba. An haife ta a 1926 a Monroeville ta Alabama, mahaifinta lauya ne, kuma a 1919 ya kare wasu baƙaƙen fata biyu, uba da ɗansa, da aka tuhuma da kisan wani Bature mai kanti. An rataye su duka biyu. Tana gab da cika shekara biyar, a 1931, aka kama samari baƙar fata tara a kan jirgin ƙasan dakon kaya, aka zarge su da yi wa Turawa mata biyu fyaɗe. Ita ce shari'ar da ta shahara da sunan garin Scottsboro. Cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas hukuncin kisa, daga baya ɗaya daga matan ta fito ta janye zarginta, amma juri bayan juri suka ci gaba da cewa sun yi laifi. A 1955 kuma, shekara biyar kafin fitowar littafin, aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Mississippi, juri ta wanke makasansa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Masu karatun 1960 sun karanta labarin Tom da wannan ɗanyen gyambo a zuciyarsu.

Inda zaluncin yake a cikin littafin

Ɗalibai kan ce mugun labarin shi ne Bob Ewell, mashayin nan da ya ƙulla wa Tom sharri. Ni kan ce musu su ƙara dubawa. Bob Ewell mutum ne da garin kansa ya raina, yana zaune a bayan juji, 'ya'yansa ba sa zuwa makaranta sai ranar farko ta shekara. Da a kan bashi ko sata ya ba da shaida, ba wanda zai saurare shi. Me ya sa a wannan karo kalmarsa ta isa ta kashe mutum? Saboda mutanen kirki na gari, masu zuwa coci da gaisuwar mutunci, sun riga sun yarda a tsakaninsu cewa maganar mafi ƙasƙancin Bature ta fi ta mafi nagartar baƙar fata.

Ki tuna yadda shaida ta gudana. Ba a kira likita ya duba Mayella, 'yar Bob Ewell da ta ce Tom ya yi mata fyaɗe, ba. Dukan da aka yi mata a gefen dama na fuska yake, abin da ke nuna aikin bahago ne. Atticus ya sa mahaifinta ya rubuta sunansa a gaban kotu, sai ga shi da hagu yake rubutu. Tom kuwa hannunsa na hagu shanyayye ne tun yana yaro, injin gurzar auduga ya lalata shi, ko ɗora shi kan Baibul don rantsuwa bai iya yi ba sai da ya zame. Babu wanda ya fita daga kotun nan yana shakkar abin da ya faru. Juri ba ta ruɗe ba, ta sani, ta kuma yanke hukunci da saninta. Wannan shi ne nauyin babin, kuma shi ya sa Jem, ɗan Atticus kuma yayan Scout, yarinyar da ke ba da labarin, ya fito yana kuka. Shi ya ɗauka hujja ake aunawa.

Sai kuma wurare biyu ƙanana da nake ganin sun fi zaman kotun tona asirin garin. Ɗaya shi ne taron shan shayi na matan mishan a gidan su Scout, inda wata baiwar Allah take zubar da hawaye saboda wata ƙabila a Afirka da ba ta taɓa gani ba, ta juyo tana ƙorafin cewa 'yar aikinta baƙar fata tana ɗaure fuska tun bayan hukuncin Tom, har tana tunanin sallamarta. A daidai wannan zama ne Atticus ya shigo kicin da labarin mutuwar Tom. Na biyu shi ne malamar ajin Scout, wadda ta tsine wa Hitler a gaban ɗalibai saboda zaluntar Yahudawa, alhali Scout ta ji ta a ƙofar kotu tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙar fata hankali. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yarinya 'yar shekara takwas ce ta gane wannan, ta tambayi yayanta yadda mutum zai ƙi zalunci a can nesa ya aikata shi a ƙofar gidansa.

Abin da Atticus ya yi

Gaskiya ne ba shi ya nemi aikin ba, alƙali Taylor ne ya naɗa shi. Wasu kan ɗauki wannan su rage masa daraja, su ce ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma littafin ya nuna cewa naɗin ba shi ne ya fusata garin ba. Scout ta ji dattawan da ke zaman kashe wando a harabar kotu suna cewa kotu ce ta naɗa shi, amma matsalar ita ce ya ƙudiri niyyar kare mutumin da gaske. An saba a naɗa lauya ya je ya cika sharaɗi, ya yi shiru, a rataye wanda ake tuhuma, kowa ya koma gida da mutuncinsa. Atticus ya ƙi yin wannan aski na jeka-na-yi-ka. Ya tsaya a gaban garinsa ya ce Baturiya da ubanta ƙarya suke yi, baƙar fata ne ke faɗin gaskiya. Daren da 'yan ɗaukar doka a hannu suka zo gidan yari don su fito da Tom, shi kaɗai suka tarar zaune a bakin ƙofa da kujera da jarida, ba bindiga a hannunsa.

Kuma ya san ba zai ci ba tun kafin a fara, ya faɗa wa 'yarsa haka. Wannan ne ya kai mu ga tambayarki ta farko. Littafin ya ba da tasa amsar ta hanyar tsohuwar nan mai zafin baki, Misis Dubose, wadda ta kamu da jarabar maganin kashe zafin ciwo na mofin, ta kuma yi alwashin rabuwa da shi kafin ta mutu, ta rabu da shi ɗin. Atticus ya gaya wa Jem cewa yana so ya ga jarumta ta gaske, wadda ba ta mutum mai riƙe da bindiga ba, ita ce ka san an kayar da kai tun kafin ka soma, ka soma ɗin, ka kuma kai ƙarshe. Na yarda da wannan ma'auni. Da nasara ce ma'aunin jarumta, da sai mu jira sakamako kafin mu san ko aikin daidai ne, alhali mai tsayawa yana yanke shawararsa ne a lokacin da sakamako bai fito ba. Kuma tsayuwar ba ta tafi a banza ɗungurungum ba. Juri ta shafe awoyi tana gardama a shari'ar da aka saba gamawa cikin mintuna, kuma wanda ya turje a cikinta ɗan dangin Cunningham ne, dangin da suka zo gidan yari a daren nan da niyyar kisa.

Sai dai kada ki bari wannan ya share miki hawaye da wuri. Awoyin da juri ta ɓata ba su ƙara wa Tom kwana ɗaya ba.

Wa ya biya, nawa ya biya

A nan nake tare da ke. Mu lissafa abin da Atticus ya rasa. An zage shi, an zagi 'ya'yansa a makaranta, Bob Ewell ya tofa masa yawu a fuska, daga ƙarshe ya kai wa yaransa hari da wuƙa har Jem ya karye a hannu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, ba na kuma raina shi. Amma gidansa yana nan, ofishinsa yana nan, kuma garin ya sake zaɓensa ɗan majalisar jiha ba tare da abokin takara ba. A rayuwa ta zahiri abin ya fi haka tsada. Alƙali James Horton, wanda ya soke hukuncin da juri ta yanke wa ɗaya daga samarin Scottsboro a 1933 saboda shaidar ba ta tsaya ba, ya rasa kujerarsa a zaɓen 1934.

Yanzu ki koma ga Tom, magidanci ɗan shekara 25 mai mata da 'ya'ya uku. Ki duba halin da ya shiga a ɗakin nan lokacin da Mayella ta rungume shi. In ya ture ta, ya ɗaga wa Baturiya hannu, kashinsa ya bushe. In ya tsaya, haka. Gaba kura, baya sayaki, shi ya sa ya ruga da gudu, gudun kuma aka mayar shaida a kansa. A kotu ya faɗi duk abin da ya faru, yana sane da cewa kowace kalma tana ƙaryata Bature a bainar jama'a, amma ko da aka matsa masa ya ce Mayella maƙaryaciya ce, sai ya riƙa cewa ta dai yi kuskure a tunaninta. Yana kare mutuncin wadda take neman ransa. Da mai gabatar da ƙara, wanda ke ta kiransa "yaro", ya tambaye shi dalilin da ya sa yake yi mata aikace-aikace ba lada, sai ya ce tausayinta ya ji. Nan kotu ta yi tsit. Baƙar fata ya ji tausayin farar fata, wato ya kalle ta daga sama. A ganina wannan kalma ce ta kashe shi, kuma ita ce magana mafi gaskiya da aka furta a zauren. Yarinyar abar tausayi ce, 'yar shekara 19 da ke rainon ƙanne bakwai, wadda ba ta ma gane tambayar ba da aka ce ko tana da ƙawaye.

An harbe Tom harsashi 17 yana ƙoƙarin tsallake shingen gidan yari, kafin a saurari ɗaukaka ƙararsa. Wata shekara na tambayi ajina me ya sa ya gudu alhali lauyansa ya ce akwai fata. Wani ɗalibi da ba ya yawan magana ya ce, "Malam, ai ya riga ya ga abin da kotu ta yi da gaskiyarsa sau ɗaya." Ban sami abin da zan ƙara a kai ba.

Kada kuma ki manta da mutanen cocin Calpurnia, baƙar fatar da ke aiki a gidan Atticus, talakawa da mutum huɗu kacal suka iya karatu a cikinsu, inda Rabaran Sykes ya sa aka rufe ƙofa ya ce ba mai fita sai an tara dala goma don matar Tom, wadda aka daina ba ta aiki saboda sunan mijinta. Su ne za su ci gaba da zama kusa da gidan Ewell bayan an watse daga kotu.

Inda littafin ya gaza

Littafin yana nuna mana duk wannan, amma daga nesa. Mai ba da labarin yarinya ce Baturiya mai ƙaunar ubanta, don haka duk abin da muka gani ta idonta muka gani. Ba mu taɓa shiga zuciyar Tom ba. Ba mu kwana a gidansa ba. Mutuwarsa ma labari aka kawo mana. Wurin da ya fi ratsa masu karatu shi ne lokacin da baƙaƙen fata da ke zaune a benen kotun suka miƙe tsaye don girmama Atticus yana wucewa. Yana ratsa ni har yau, amma ina sane da cewa an juya da fuskarmu daga wanda aka yanke wa hukuncin kisa zuwa wanda ake girmamawa. Sunan littafin ma yana da wannan rauni. Tsuntsun da ke cikin sunan, wato mockingbird, ba ya ɓarna, waƙa kawai yake yi, shi ya sa kashe shi zunubi ne. Kwatanta Tom da shi yana jawo tausayi, amma haƙƙin Tom na adalci bai rataya kan kasancewarsa marar cutarwa ba. Ko da mutum ne mai faɗa da taurin kai, hannunsa na hagu dai shanyayye ne.

Atticus kansa yana da iyaka. Yana yi wa mutanen garinsa uzuri fiye da kima, har ya kira wanda ya jagoranci masu zuwa kisa mutumin kirki mai 'yan raunuka irin na kowa. Ba mu ga ya ƙalubalanci raba makarantu ko cire baƙar fata daga juri ba, alhali ɗan majalisa ne. Wani malamin shari'a, Monroe Freedman, ya yi wannan suka tun 1992, lauyoyi da yawa suka fusata da shi. A 2015 aka fitar da Go Set a Watchman, wanda Lee ta rubuta tun kafin wannan littafi, aka ga tsohon Atticus yana halartar taron masu adawa da haɗa makarantu. Ni ban ɗauki littattafan biyu a matsayin labari ɗaya mai ci gaba ba, domin ɗaya daftarin farko ne. Amma ya taimaka mini in gane cewa mutum yana iya ƙin a zalunci baƙar fata a kotu, ya kuma ƙi zama daidai da shi a gari.

Ki ƙara lura da ƙarshen labarin. Da Boo Radley, maƙwabcin su Scout da ba ya fitowa daga gida, ya kashe Bob Ewell don ya ceci yaran, shugaban 'yan sandan gundumar ya ce a rubuta cewa Ewell ya faɗi ne a kan wuƙarsa, a bar kaza cikin gashinta. Zuciyata tana tare da wannan shawara. Amma ta nuna cewa hukuma a Maycomb ta iya jinƙai idan ta ga dama, ta iya kare mutum daga kotu ma gaba ɗaya. Shi wannan shugaban 'yan sanda ne ya kama Tom bisa maganar Ewell kawai, bai ko nemi likita ba.

Ni malamin adabi ne, ba lauya ba, kuma daga littattafai na san kudancin Amurka, ban rayu ƙarƙashin dokokin nan ba. Baƙaƙen fatar Amurka da iyayensu suka zauna a irin benen nan sun fi ni haƙƙin cewa ko littafin ya yi musu adalci, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba a kai. Shawarata ita ce ki haɗa shi da rubutun waɗanda suka ba da labarin daga ciki, irin su Richard Wright da James Baldwin da Toni Morrison, sannan ki sake karanta babin shaidar Tom ita kaɗai, a hankali, kina lura da abin da ya zaɓi ya faɗa da abin da ya haɗiye.

Idan za ki rubuta jinga ko amsar jarrabawa a kan wannan jigo, kada ki ji tsoron kawo ƙorafinki, muddin kin kafa shi da hujja daga littafin. Akwai kuma abu ɗaya daga wajen littafin da ya dace ki sani. A Monroeville, garin Harper Lee, inda aka mayar da tsohon ginin kotu gidan tarihi saboda wannan labari, an tuhumi wani baƙar fata mai suna Walter McMillian da kisan wata budurwa Baturiya. An yanke masa hukunci a 1988 bayan shari'ar kwana ɗaya da rabi, duk da shaidu da dama da suka ce suna tare da shi a gidansa a lokacin kisan. Juri ta ba da shawarar ɗaurin rai da rai, alƙali ya mayar da shi hukuncin kisa. Lauyan da ya ɗauki ƙararsa, Bryan Stevenson, baƙar fata ne, kuma ya bi ta har aka saki McMillian a 1993, bayan shekara shida yana jiran ranar da za a kashe shi.